Ibnul Haisam, Malamin Handasa Na Ƙofar Azhar

 A wannan mako za mu jingine mas'alolin tsarki da na gado, mu kawo tarihin wani malami wanda ya rasu a Alkahira yau kusan shekara dubu ke nan, watau Alhasan ɗan Alhasan ɗan Haisam, wanda ake yi wa alkunya da Abu Ali, aka fi saninsa da Ibnul Haisam.

Abin da ya jawo zancensa kuwa, kwanan baya na je ta'aziyya Dandamisa, cikin ƙasar Makarfi, na tarar ana shirin gina rumbu a ƙofar wani gida. Magini ya kafa turke, ya zarga masa igiya, ya ɗaura tsinke a ɗaya bakin, ya kewaya yana jan ƙasa har zane ya haɗu. Ga wani yaro ɗan makarantar sakandare a gindin bango da littafin lissafi yana fama da zane-zane irin wannan, sai wani dattijo ya umurce shi da ya rufe karatun Nasara ya zo ya kama kwaɓa. Ban ce kome ba, domin ba a zuwa gaisuwar mutuwa a ta da gardama. Amma abin ya tsaya mini a rai, gama abin da yaron yake karantawa da abin da maginin yake yi da igiya ilmi ɗaya ne, kuma da ba don malaman Musulmi sun riƙe shi ba, da wani babban sashe nasa ya ɓace daga duniya.

An haifi Ibnul Haisam a Basra, cikin Iraƙi, a shekara ta 354 bayan Hijira, daidai da 965 ta Miladiyya. A lokacin halifancin Abbasiyawa ya yi rauni, sarakunan gidan Buwaihi ke juya Bagadaza yadda suka so, amma ilmi yana nan da ƙarfinsa. Ya tashi ya tarar an riga an juya littattafan Yunanawa zuwa Larabci, na Uƙlidis da na Arshimidis da na Baɗlimus, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Daga cikinsu akwai wanda ya fi sauran tsauri, shi ne Kitabul Makhruɗat na Abuluniyus, wanda ya rayu kimanin shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu. Ba za a fahimci rayuwar Ibnul Haisam ba sai an san abin da wannan littafi ya ƙunsa, saboda haka mai karatu ya yi mini haƙuri kaɗan.

Makhruɗi shi ne abu mai faɗi a gindi mai tsini a sama, kamar jinkar ɗaki ko mazurari da aka kife. A mulmula irinsa da yumɓu, a sami zare a yanka shi. In an yanka a kwance sosai, bakin yankan da'ira ne. In an ɗan karkata zaren, sai a sami da'ira mai tsawo, kamar yadda bakin ƙwarya yake bayyana idan an hange shi daga gefe, Larabawa suna kiranta naƙis. In an ƙara karkatawa har yankan ya yi daidai da gangaren jinkar, sai zanen ya buɗe, bakinsa biyu ba su sake haɗuwa, shi ne mukafi. In an wuce haka, sai a sami wanda ya fi shi wangamewa, shi ne za'id.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sawu ne na ɗigo wanda aka ɗaure da sharaɗi guda. Akuyar da aka ɗaure a turke, in ta ja igiyarta ta kewaya, sawunta da'ira ne, sharaɗinta kuwa shi ne nisanta da turken ba ya sakewa. In aka kafa turke biyu, aka ɗaura bakin igiya ɗaya a wannan ɗaya a wancan, aka ja ta da tsinke aka kewaya, naƙis za a samu, domin nisan tsinken da turke na farko in an haɗa da nisansa da na biyu kullum tsawon igiyar ne. Mutumin da yake tafiya tsakanin rijiya da doguwar katanga, yana kiyaye nisansa da rijiyar ya zama daidai da nisansa da katangar, sawunsa mukafi ne. Za'id kuwa muna ganinsa kullum ba mu lura ba: a kafa sanda a fili, a riƙa sa alama a ƙarshen inuwarta tun hantsi har la'asar, alamun nan a kan za'id za su jeru, sai fa kwanaki biyu a shekara, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba, sa'ad da dare da rana suke daidaita, a nan suna miƙewa sak. Ashe ladanin da yake auna inuwa da ƙafa don sanin azahar yana tsaye a kan ɗaya daga cikin zanen Abuluniyus.

Saura abu ɗaya, shi ne layin da ake kira mumassi, watau mai shafa. Layi ne miƙaƙƙe wanda yake taɓa lanƙwasasshen zane a wuri ɗaya tak ba tare da ya keta cikinsa ba. Yaron da yake korar tsuntsaye a gona da majajjawa ya san shi da hannunsa, domin dutse yana kewayawa a da'ira, da an saki igiya sai ya fita a kan mumassin wurin da aka sake shi. A da'ira samunsa da sauƙi, yana gicciye ne a kan igiyar. A sauran ukun sai an yi aiki.

Littafin Abuluniyus juzu'i 8 ne. Na farko zuwa na huɗu ne kaɗai suka wanzu da Yunananci. Na biyar da na shida da na bakwai ba su kai ga kowa a yau ba sai ta hanyar Larabci, domin 'ya'yan Musa ɗan Shakir su uku, Muhammadu da Ahmadu da Alhasan, sun nemo littafin a ƙarni na uku na Hijira, suka sa Hilal mutumin Himsa ya fassara huɗun farko, Sabit ɗan Ƙurra ya fassara ukun da ke biye. Har Turawa, da suka buga littafin a Okasfod a 1710, daga Larabci Edmond Halley ya ɗauko waɗannan ukun. Juzu'i na takwas kuwa ya ɓace tun kafin Musulunci.

To, mu koma ga mutuminmu. Sunansa ya fita a Iraƙi har ya kai Masar, inda Alhakim bi Amrillah, sarki na shida na Faɗimiyyawa, yake mulki tun 996. Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rasu a 1248, ya kawo cewa an kai wa Alhakim labarin Ibnul Haisam ya yi iƙirarin da yana Masar da ya yi wa kogin Nilu aikin da za a riƙa amfani da ruwansa ko ya cika ko ya janye. Rayuwar Masar duk a kan cikar Nilu take, in ya gaza a yi yunwa, in ya wuce kima a yi ɓarna. Sarki ya aika masa da dukiya ya ce ya zo, ya fita da kansa ya tarye shi a wani ƙauye da ake kira Khandaƙ a bayan gari, ya haɗa shi da magina da ma'aikata, suka nufi kudu.

Tun a hanya gwiwarsa ta fara sanyi. Ya ga gine-ginen mutanen dā a gaɓar kogi, ya ga irin gwanintarsu da yadda suka sarrafa dutse, ya raya a ransa cewa da abin da ya ƙudurta mai yiwuwa ne da waɗannan ba su bar shi ba. Da suka isa Janadil, kudu da Aswan, inda ruwa yake ratsa duwatsu, ya auna ta wannan gaɓa ya auna ta waccan, ya tabbata abin da ya ji daga nesa ba haka yake ba. A nan akwai hanya biyu a gabansa. Yana iya sa a fara tara duwatsu, a yi shekaru ana cin baitulmali, kafin asiri ya tonu ya san inda dare ya yi masa, kuma mun ga masu yin haka a zamaninmu ba ɗaya ba ba biyu ba. Shi kuwa sai ya juyo Alkahira cike da kunya, ya tsaya gaban sarki ya ce aikin ba zai yiwu ba.

Sai an san ko wane ne Alhakim kafin a san nauyin wannan magana. Sarki ne wanda ya gina Darul Ilmi a 1005 ya cika ta da littattafai, shi ne kuma ya hana cin miyar lalo, ya hana dukawa ɗinka takalman mata don kada su fita, ya kashe waziransa da alƙalansa da yawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Bai kashe Ibnul Haisam ba, ya ba shi wani aiki a ofisoshin hukuma, shi kuwa ya karɓa don tsoro. Da ya ga kullum kansa yana bakin takobi, sai ya shiga nuna taɓin hankali. Sarki ya sa aka riƙe dukiyarsa, aka tsare shi a gidansa aka sa mai yi masa hidima. Yana cikin wannan hali har 1021, watau 411 ta Hijira, sa'ad da Alhakim ya fita da dare a kan jakinsa zuwa dutsen Muƙaɗɗam ba a sake ganinsa ba. Sa'an nan malam ya bayyana lafiyarsa, aka mayar masa da kayansa. Wani zai ce ai wannan yaudara ce. Ni dai a ganina wanda ya faɗi gaskiya a wurin da ta shafi dukiyar jama'a, ya ɓoye hankalinsa a wurin da ba ya cutar da kowa sai don ya tsira da ransa, malaman fiƙihu ba za su rasa yi masa uzuri a babin tilas ba. Baihaƙi, wanda ya riga Ibnul Ƙifɗi, ya kawo labarin da wata siga: sarki ya duba takardar shirin yana bisa jakinsa, ya ƙi shi don yawan kuɗi da ƙarancin amfani, malam ya tsere zuwa Sham da dare. Madatsar da aka yi mafarki kuwa ba ta samu ba sai 1902, sa'ad da aka gama ta farko a Aswan, babbar kuma aka gama ta a 1970, da injuna da siminti da kuɗin ƙasashe.

Bayan wannan bai sake kusantar ƙofar sarki ba. Ya tare a wata ƙubba a ƙofar masallacin Azhar, ya mai da alƙalami gonarsa. Kowace shekara yakan kwafi littattafai uku da hannunsa, na Uƙlidis, da Almajisɗi na Baɗlimus, da tarin ƙananan littattafan da ake karantawa tsakaninsu, a saya a kan dinari 150 ba ciniki, wannan ya ishe shi ci da sha har shekara ta kewayo. Sauran lokacinsa na nazari ne da koyarwa. An ruwaito cewa wani basarake ya zo karatu wurinsa, ya yanka masa dinari 100 kowane wata, basaraken ya yi shekara uku yana biya bai fasa ba. Ranar sallama malam ya ɗauko kuɗin duka ya mayar masa, ashe gwada shi yake yi ya ga ko ilmin ya fi dukiya daraja a wurinsa.

A wannan zama ne ya kwafi Kitabul Makhruɗat, kuma wani sashe na kwafin yana nan a ɗakin littattafai na Sulaimaniyya a Istanbul, da rubutun hannunsa, ɗauke da shekara ta 415, watau 1024. Wanda ya kwafi littafi kalma kalma yakan san inda marubucin ya tsaya da inda ya nufa. Ibnul Haisam ya lura akwai tambayoyin da Abuluniyus ya share musu fage bai amsa su ba, ya yi zaton suna cikin juzu'in da ya ɓace, sai ya zauna ya rubuta maƙala don cike gurbin. Da yawa daga cikin mas'alolinta a kan mumassi suke. Abuluniyus ya koyar da yadda za a ja mumassi daga wurin da aka nuna. A mukafi, alal misali, sai a sauko daga wurin zuwa layin da ya raba zanen biyu, a auna daga nan zuwa ƙoƙuwar zanen, a ƙara daidai wannan awo a bayan ƙoƙuwar, a haɗa da wurin farko, mumassi ya samu. Ibnul Haisam sai ya juya tambayar: in an ce ana son mumassi wanda tsawonsa yake da kaza bisa kaza na wani layi, a wane wuri na zanen za a same shi? Yakan warware ta da haɗa zane biyu, inda suka gitta juna nan amsa take.

Abin da ya fi burge ni a wannan maƙala shi ne ba ya barin mas'ala sai ya yi mata abin da suke kira tahdidi, watau ya fayyace yaushe take da amsa, yaushe ba ta da ita sam, in tana da ita kuma guda nawa ce. Zane biyu suna iya gittawa a wuri biyu, suna iya shafar juna a wuri ɗaya, suna iya wucewa ba su haɗu ba, kuma iyakar da ke tsakanin mai yiwuwa da marar yiwuwa tana daidai wurin da suka shafi juna. Ba na ce Janadil ce ta koya masa wannan ba, domin ɗabi'a ce ta masu handasa tun dā, amma mutumin da ya taɓa yin alkawari kafin ya auna ya kai ta inda magabatansa ba su kai ba. Kwafi ɗaya tak aka sani na wannan maƙala, a garin Manisa na Turkiyya, an buga hotonsa a 1974.

Amfanin mumassi ya fi fitowa fili a aikinsa kan haske. Haske in ya faɗa a madubi shimfiɗaɗɗe yana komawa da karkata daidai da wadda ya zo da ita. In madubin lanƙwasasshe ne, hasken yana komawa kamar a ce ya faɗa a kan mumassin wurin da ya taɓa. Saboda haka wanda ya san mumassi ya san inda haske zai nufa. Da wannan ya tabbatar da hujja cewa madubin da aka ƙera a siffar mukafi, in aka fuskantar da shi rana, yana tara haskenta duka a ɗigo ɗaya har ya kunna wuta, alhali madubin da aka yanko daga ƙwallo ba ya tara shi wuri ɗaya. Magabata sun san wannan, Ibnu Sahal ma ya yi rubutu a kai a Bagadaza wajen 984, amma maƙalar Ibnul Haisam ce aka juya zuwa Latin Turawa suka koya daga gare ta. Farantin kama tashoshin talabijin da ake gani a kan rufin gidaje a Ikara da Kudan, da kaskon da ke bayan ƙwan tocila, duk a kan wannan ƙa'ida aka yi su.

Babban littafinsa shi ne Kitabul Manazir, juzu'i 7, inda ya kafa hujja da gwaji cewa gani yana samuwa ne da haske da ke shiga ido, ya rushe zancen masu cewa ido ne ke fitar da haske. A juzu'i na biyar akwai mas'alar da har yau take ɗauke da sunansa a ƙasashen Turai. Ga fitila, ga ido, ga madubi mai siffar ƙwallo, a wane wuri na madubin haske zai faɗa ya komo cikin idon? Tambaya ce da yaro zai fahimta, amma ba ta warwaruwa da igiya da turke kaɗai. Ya warware ta da gitta da'ira da za'id, bayan shimfiɗa guda shida masu wuya. An buga littafin da Latin a Basel a 1572, manyan masana irin su Huygens suka yi ta neman gajeriyar hanya ga wannan mas'ala shekara 600 bayan rasuwarsa. A ƙasashen Musulmi kuwa littafin ya daɗe a kwance, sai da Kamaluddin Alfarisi, wanda ya rasu wajen 1319, ya yi masa sharhi.

Bai manta da masallaci ba. Ya rubuta yadda ake fitar da alƙibla da lissafi daga kowane gari, in an san matsayin garin da na Makka, ya kuma yi rubutu a kan layukan sa'o'i na agogon inuwa. Mu nan mun saba cewa a fuskanci gabas, amma in aka bi irin wannan lissafi, alƙiblar ƙasar Makarfi gabas ce mai karkata arewa da kimanin daraja 22, abin da ya kamata kwamitin ginin masallaci ya sani kafin a haƙa harsashi. Ya kuma rubuta littafi guda a kan kurakuran da ya gano a wurin Baɗlimus, duk da cewa da kwafin littafin Baɗlimus yake cin abinci. Ibnu Abi Usaibi'a ya jera masa littattafai da maƙaloli sama da 90.

Hanyar da ta kai shi Alkahira ta kai namu ma. Shekara 700 bayansa, Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, masanin lissafi daga Katsina, ya sauka a wannan birni bayan aikin hajji, ya zauna a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, malamin falaki da handasa na Azhar, a can kuma ya rasu a 1741.

Ibnul Haisam ya rasu a Alkahira wajen shekara ta 430 ta Hijira, watau wajen 1040, yana da shekara 75 ko kusa da haka. Ibnul Ƙifɗi ya ce ya ga wani juzu'i na handasa da rubutun hannunsa mai ɗauke da shekara ta 432, wanda ya nuna alƙalamin bai bar hannunsa ba har ƙarshe. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.